Yadda ake gasa firetsel mai laushi na kabewa a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shigowar kaka. Tambayar firetsel ɗin kabewa ta yi yawa, wannan tace nata ya fito fari fat ba shi da maraba da biredin shago, waccan tace kwaɓin ya caɓe mata ya ƙi murzuwa, wata kuma tace ɗacin sabulu take ji a baki bayan ta ci. Toh duka matsalolin nan waje biyu suke fitowa, ruwan da ke jikin kabewar da kuma tsoma shi a ruwan soda da ake yi kafin ya shiga oben. In kika kama waɗannan biyun sauran aikin mai sauƙi ne, shi yasa a nan zan fi daɗewa, wasu wuraren kuma zan wuce da sauri.

Ga wadda bata taɓa gani ba, biredi ne na Jamusawa da ake murza shi ya yi tsawo sannan a harɗe shi ya fito da huda uku, bayansa ja mai sheƙi, cikinsa laushi da ɗan danƙo idan kina tauna, in zaki nemi hotonsa ki rubuta pretzel zaki gani. Sa masa kabewa kuma aikin Amurkawa ne, su daga Satumba zuwa Nuwamba kusan komai sai sun haɗa shi da kabewa da kirfa, kofi ne, kek ne, biredi ne. Mu ma a kaka kabewa take sauka kasuwa da araha, kinga ba sai miyan taushe kaɗai zata tsaya ba.

Kayan haɗi, na guda 8 manya

Fulawa giram 500, wato kofin awo 4
Niƙaƙƙiyar dafaffiyar kabewa da aka tsane giram 200, ya ɗan haura kofi uku bisa huɗu
Ruwan ɗumi ko madara mil 130, rabin kofi da ɗan ɗori
Yis giram 7, ƙaramin cokali 2 da kwata
Sukari babban cokali 2, in kina da mai ruwan ƙasa ya fi
Gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi
Bota giram 40, a narkar
Garin kirfa ƙaramin cokali 1
Garin citta rabin ƙaramin cokali
Gyaɗar ƙamshi kwatan ƙaramin cokali
Kanumfari ɗan abinda yatsa biyu zasu ɗiba

Na ruwan tsomawa: ruwa lita 2 da bekin soda rabin kofi.
Na barbaɗawa: gishiri mai tsakuwa in na gishiri kike so, in kuma na zaƙi ne bota babban cokali 3 da sukari rabin kofi da kirfa ƙaramin cokali 1.

Kayan aiki kuma roba babba, tukunya mai faɗi wadda ba ta alminiyam ba, matsami, tire biyu, takardar gashi irin wadda ake shimfiɗawa a gwangwanin kek, farin ƙyalle mai tsafta na tace kabewa, da sikeli in akwai. Dan Allah in kina da halin sikelin kicin ki saya, domin kofi ɗaya na fulawa a hannun wadda take dannawa da hannun wadda take zubawa sakwa-sakwa bambancinsu zai iya kai giram 30, in kika ninka sau huɗu kwaɓin ya riga ya canza gaba ɗaya.

Maganar kuɗi, ki lissafa shi da awo don farashi kullum canzawa yake. Kilo ɗaya na fulawa zai baki firetsel 16. Bota mai giram 250 zata yi miki kwaɓi shida in baki haɗa da ta shafawa ba. Kabewa da yis da kayan ƙamshi su ne masu sauƙi. Abinda yake cin kuɗi ba a lura shi ne bekin soda, don rabin kofi ya haura giram 100, in ƙananan leda kike saya sai kin haɗa da yawa, gara ki je wajen masu kayan kek ki sayi na awo. Sai gas ko wuta, tunda oben zai yi zafi sosai kuma sai an daɗe ana ɗumama shi. Mai niyyar sayarwa ta yi kwaɓi biyu ko uku a zama ɗaya, ruwan sodar ɗaya zai ɗauke su duka, nan ne ribar take.

1. Zaɓen kabewa

Ki nemi wadda cikinta ya yi ruwan goro sosai, mai nauyi a hannu, namanta mai kauri da tauri. In mai sayarwa ya yanka kika ga ta yi fari-fari tana tsatsar ruwa ko tana da zare-zare da yawa ki barta, wannan ba kala ba ɗanɗano, ruwa kawai zata ƙara miki. Yanka mai nauyin giram 600 da ɓawonsa zai isa.

Waɗanda suke Amurka ko Turai, manyan kabewar nan da ake sassaƙa wa fuska a ƙarshen Oktoba ba su da daɗin gashi, ki nemi ƙananan na girki ko doguwar nan mai wuya da suke kira butternut. Ta gwangwani ma ta yi, kuma ita a tsane take zuwa, amma ki karanta jikin gwangwanin ki tabbatar zallar kabewa ce, don akwai wadda aka riga aka haɗa da sukari da kayan ƙamshi saboda wani abin zaƙinsu da suke kira pie, ita zata ɓata miki awo.

2. Dafawa da tsane ruwan

Kar ki zuba kabewar cikin ruwa ki tafasa yadda muke yi wa miya, zata sha ruwa ta ƙoshi. Hanya biyu ce. Ko ki cire 'ya'yan ki kife ta a tire ki gasa a oben digiri 200 na minti 40 zuwa 50 har cokali ya riƙa shiga ba gardama, sai ki kankare naman daga ɓawon, wannan ta fi zaƙi da ƙamshi. Ko ki feraye ki yanka ƙanana ki turara a madambaci kamar minti 20.

Ta huce sai ki niƙa a bilenda ba tare da ƙara ko ɗigon ruwa ba, in ta ƙi juyawa ki tsaya ki tura da cokali ki sake kunnawa. In ba bilenda ki dame da muciya ki bi ta rariya.

Yanzu wajen da mutane suke tsallakewa. Ki shimfiɗa farin ƙyalle a kan rariya, ki zuba niƙaƙƙiyar kabewar, ki barta ta ɗiga na minti 30, sannan ki tattaro bakin ƙyallen ki matse a hankali. Zaki yi mamakin ruwan da zai fita. Alamar ta yi shi ne ki ɗebo da cokali ki ajiye a faranti ta tsaya a tsaye, ba wani ruwa mai kala da yake zagaye gefenta. In kina sauri ki zuba a kasko ki riƙa juyawa a ƙaramar wuta na minti 8 zuwa 10 har ta yi kauri.

Gargaɗi: sai bayan kin tsane zaki auna giram 200 ɗin, ba kafin ba. Kuma ki bari ta huce, kabewa mai zafi tana kashe yis. Ruwan da ya ɗiga kar ki zubar, ki ɗumama shi ki yi amfani da shi a madadin ruwan kwaɓin, ƙarin ɗanɗano ne kyauta.

3. Gwada yis

Ki zuba ruwan ɗumin a kofi da sukarin da yis ɗin ki juya ki ajiye minti 5 zuwa 10. Ɗumin da ake so shi ne ki sa yatsa ki ji ɗumi amma zaki iya barinsa a ciki ba tare da ya dame ki ba, wajen digiri 38 zuwa 40. In ya yi kumfa a sama lafiya ƙalau, in ya zauna shiru ki zubar ki nemo wani yis ɗin tun kafin ki yi asarar fulawa. Ko irin wanda ake zubawa kai tsaye a fulawa ne ni dai ina son a gwada, saboda na awo da ake ƙullawa a leda baki san tun yaushe aka buɗe shi ba.

4. Kwaɓi

A roba ki haɗa fulawa da gishiri da kayan ƙamshin ki juya, sannan ki zuba kabewa da narkakkiyar bota da ruwan yis. Ki fara haɗawa da cokali, in ya fara kamuwa ki juye a tebur ki murza da hannu minti 8 zuwa 10, mai mikza kuma minti 5 zuwa 6.

Taurin kwaɓin shi ne komai. Ba ruwansa da laushin kwaɓin fanke, ya fi kusa da na cincin, sai dai ya ɗan fi shi laushi. In kin gama murzawa ya zama sumul, baya manne wa hannu baya manne wa tebur, in kin danna da yatsa ya dawo a hankali. Ki ba shi minti uku na farko kafin ki yanke hukunci, don da farko zai yi kamar ya bushe, in kika yi saurin ƙara ruwa daga baya kabewar ta saki nata sai ya caɓe. In bayan nan har yanzu yana tsattsagewa ki ƙara ruwa babban cokali ɗaya-ɗaya, in kuma yana danƙo ki ƙara fulawa haka nan cokali-cokali, kar ki juye da hannu.

Gargaɗi biyu a nan. Fulawar da aka riga aka haɗa da baƙar hoda (baking powder) bata yi, ki nemi irin wadda masu biredi suke amfani da ita, ita ke bada danƙon nan. Sannan kar son ƙamshi ya sa ki cika kirfa a cikin kwaɓin, kirfa da yawa tana rage wa yis ƙarfi sai ki ga ya ƙi tashi, in kina son ta fito sosai ki bari a barbaɗa a sama bayan an gasa.

5. Tashi

Ki shafa ɗan mai a robar, ki sa kwaɓin ki juya shi ya shafu, ki rufe da leda ko murfi, ki ajiye waje mai ɗumi ya ninka girmansa. Yawanci awa ɗaya, lokacin zafi minti 40 ma ya isa, in hunturu ya fara busawa zai iya kai awa ɗaya da rabi. A hunturu kar ki rufe da busasshen tsumma kawai, iska zata busar da saman ya yi ɓawo kuma ɓawon nan baya narkewa wajen murzawa. In ya wuce lokaci ya yi ta tashi zai yi tsami kuma ya saki jiki a ruwan soda, don haka ki riƙa leƙawa.

In da safe kike son gasawa ki kwaɓa da daddare ki sa a firij a rufe, ya kwana yana tashi a hankali, ɗanɗanon ma ya fi fitowa, amma sai in kin tabbatar wutar zata kwana.

6. Rabawa da murzawa

Ki danne iskar ki raba gida 8, kowanne zai kama wajen giram 110. Ki mulmula kowanne ya ɗan yi tsawo, ki rufe su da leda su huta minti 10. Hutun nan ba ɓata lokaci bane, in baki yi ba kina ja yana komawa.

Ki ɗauki ɗaya ki sa a tebur, ki ɗora tafukan hannu biyu a tsakiya ki riƙa murzawa gaba da baya kina buɗe hannuwan zuwa gefe, har ya kai tsawon santimita 55 zuwa 60. Tsakiyar ta fi kauri, bakunan biyu su fi siranta. Ki auna na farko da tef ki yi alama a teburin, sauran sai ki bi alamar. Gajere in kika harɗe shi hudojin zasu toshe a oben ya koma dunƙule.

Gargaɗi: kar ki barbaɗa fulawa a tebur, santsi zai yi ta yi ya ƙi murzuwa. In ma kin ji yana zamewa ki ɗan jiƙa tafin hannunki da ruwa. Wanda ya fara gardama a rabin hanya ki ajiye shi ki kama na gaba, in kin dawo zaki same shi ya saki.

7. Harɗewa

Ki lanƙwasa shi ya yi harafin U, ƙasan U ɗin yana wajenki bakunan suna kallon gaba. Ki kama bakunan biyu ki gitta ɗaya kan ɗaya kamar santimita 8 daga ƙarshe, ki sake gittawa sau ɗaya, ya zama murɗi biyu kenan. Sai ki jawo su zuwa wajenki ki ɗora a kan cikin U ɗin mai kauri, ɗaya hagu ɗaya dama, ki ɗiga ruwa da yatsa a wajen ki danna sosai ya kama. Ki sa yatsu ki buɗe hudojin uku su yi faɗi fiye da yadda kike ganin ya dace, don zasu ragu.

In baki danna bakunan da kyau ba zasu warware a cikin tukunya, kuma da ya jiƙe da ruwan soda baya sake mannewa.

Wadda harɗin ya ba wahala ko yara zata yi wa, ta yanka doguwar murzar gutsi-gutsi kamar santimita 3, ɗanɗano ɗaya ne, kuma wajen sayarwa ma ƙananan sun fi saurin tafiya a ɗan kofi ko leda.

8. Shirya tire da oben

Ki shimfiɗa takardar gashi a tire ki shafe ta da mai, eh ko da an ce bata kamawa ki shafa, kwaɓin da ya sha soda mugun kamu yake yi. Ki jera su ki sa a firij a buɗe minti 20 zuwa 30, sanyin zai sa su yi tauri su riƙe siffarsu, saman kuma ya ɗan bushe wanda shi ke kawo sheƙi. In ba wuta ki barsu a buɗe minti 10 kawai a waje mai sanyi ki ci gaba.

A daidai lokacin ki kunna oben a digiri 220, masu Faranhait 425, masu oben ɗin gas mai lamba kuma lamba 7. Ya samu aƙalla minti 20 yana zafi kafin komai ya shiga.

Gargaɗi: kar ki ɗora jiƙaƙƙen firetsel kai tsaye a tiren alminiyam ko a kan foyil, soda tana cin alminiyam, ƙasan zai yi toka-toka kuma ƙarfen yana shiga abincin. Jarida ko takardar littafi ma ba a gashi da su.

9. Ruwan soda

Nan ne biredi yake komawa firetsel. Sodar ce take sa bayan ya yi ja da wuri a oben ya yi sheƙi ya bada ɗanɗanon nan nasa, in kika tsallake wannan matakin biredin kabewa kika gasa, mai daɗi ne amma ba shi bane.

Ki zuba ruwa lita 2 a tukunyar silba (stainless, ba alminiyam ba) ko mai fenti a ciki, wadda ruwan ba zai wuce rabinta ba. Ki zuba bekin soda rabin kofi tun ruwan bai tafasa ba ki juya ta narke. In kika bari sai yana tafasa kika juye gaba ɗaya kumfa zata taso ta zube a kan wuta, har ta iya ƙona miki hannu. In ya tafasa ki rage wutar ya riƙa tafasa a hankali, tafasa mai ƙarfi tana wargaza harɗin.

Ki ɗauki firetsel ɗaya ko biyu ki sa a ruwan, fuskar tana ƙasa, ki ƙirga daƙiƙa 15, ki juya da matsami ki ƙirga wasu 15, ki tsamo. Ki riƙe shi a matsamin ya tsane sosai kafin ki mayar tire. Zaki ga ya ɗan kumbura ya yi santsi kalarsa ta ƙara duhu, har fatar ta ɗan yi yamutsa, kar ki tsorata haka ake so, oben zai miƙar da shi. Ƙananan gutsattsarin daƙiƙa 15 zuwa 20 gaba ɗaya ta ishe su.

Ɗacin sabulun da ake kuka da shi daga abu biyu ne, ko an wuce daƙiƙa 30 a ruwan, ko ba a tsane ba ruwan ya taru a ƙarƙashinsa a tire ya bushe a jikinsa. Ki sa agogon waya a gabanki, kar ki yi da ka. In kwaɓi da yawa kike yi ruwan zai riƙa ƙonewa sodar tana ƙara ƙarfi, sai ki riƙa ƙara ruwan zafi ya koma inda yake da farko.

Bekin soda nace ba baƙar hoda ba. Kusa da juna ake ajiye su a shago kuma duka farare ne, amma baƙar hoda akwai tsami a haɗe cikinta da yake kashe ƙarfin sodar, in kika yi da ita fari zai fito.

Wannan kuma dan girman Allah a kiyaye. Masu gidan biredi a Jamus da soda mai ƙarfi suke yi, wadda aka tace musamman don abinci, kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari a ruwan sanyi, da safar hannu da tabarau. Wasu in sun ji haka sai su ce ai ga sodar haɗa sabulu nan a kasuwa. A'a. Waccan ba ta abinci bace, tana ƙona fata, in ta fantsama a ido tana makantarwa, kar ta kusanci kicin ɗinki balle gidan da yara suke yawo. Kanwa kuma da ake yawan tambaya, ita ma tana sa ja, amma ƙarfinta ba ɗaya bane, ungurnu daban jar kanwa daban, ga ƙasa a ciki, ba awon da zan baki ya yi daidai a kowane gida, ki tsaya a bekin soda.

In kin ƙware kina son ja mai duhu sosai, ki baza bekin soda a kwanon tangaran ki gasa ta a oben digiri 120 na awa ɗaya, tana ƙara ƙarfi. Ita kwatan kofi kawai zaki sa a lita 2, daƙiƙa 20 ta isa, kuma kar ki ɗiba da hannu don tana sa ƙaiƙayi. Ki adana ragowar a kwalba mai murfi ki rubuta a jiki kar wani ya sa a kek.

10. Gishiri da gashi

Suna fitowa daga ruwa da damshinsu ki barbaɗa gishiri mai tsakuwa a wajen mai kaurin, kaɗan ya isa. Gishirin gari narkewa yake ya bi jiki ya yi yawa. Waɗanda zaki yi wa sukari kar ki sa musu komai yanzu, sukari a digiri 220 ƙonewa zai yi. In kina so ki tsaga cikin mai kaurin da sabuwar reza, zai buɗe a oben kalar kabewar ta bayyana, gwanin kyau wallahi. Shafa ƙwai ba dole bane, sodar ta riga ta yi aikin.

Kar su zauna jira, ki sa a oben nan take a layin tsakiya, minti 12 zuwa 15, ƙananan kuma 8 zuwa 10. A rabin lokaci ki juya tiren gaba ya koma baya, don yawancin oben ɗinmu gefe ɗaya ya fi zafi. Ki jira su yi ja sosai mai duhu, da yawa suna cirewa da wuri don tsoron ƙonewa alhali ɗanɗanon a jan yake. Amma ki tuna kabewa da sukari suna sa shi saurin ja fiye da wanda ba a sa wa ba, daga minti 10 kar ki matsa daga wajen. In ƙasan yana ƙonewa sama bata yi ba, ki ɗaga tiren sama ko ki saka wani tiren a ƙarƙashinsa su zama biyu.

11. In babu oben

Zai yi, sai dai jan ba zai kai na oben ba. Ki samu babbar tukunya ki zuba yashi mai tsafta ko gishiri a ƙasa, ki ɗora duwatsu uku ko ƙarfen ɗora tukunya, ki rufe ki bari ta yi zafi minti 15 a wuta mai ƙarfi. Nan tukunyar alminiyam ba matsala tunda bata taɓa sodar. Ki sa faranti mai takardar gashi da firetsel biyu ko uku, takardar kar ta taɓa jikin tukunyar, ki rufe ki rage wutar zuwa tsaka-tsaki. Sirrin shi ne garwashi a kan murfin, in ba zafi daga sama ƙasa zata ƙone sama tana fari. Yakan kai minti 20 ko fiye, kuma duk buɗewa zafi ne yake fita, ki daure sai minti 15 kafin ki leƙa. Tunda kaɗan-kaɗan ake sawa, kar ki tsoma duka a soda lokaci ɗaya, wanda zai shiga tukunya shi zaki tsoma.

12. Bota da sukari

Suna fitowa ki barsu minti 5 sannan ki ɗaga daga takardar. Na gishiri ki ɗan shafa narkakkiyar bota ko ki barsu haka. Na zaƙi ki shafe su da bota ciki da bai tun suna da ɗumi, ki juya su a faranti mai sukari da kirfa. In sun huce sukarin ba zai kama ba, in kuma suna da zafi sosai narkewa zai yi ya koma ruwa. A ganina na kabewa ya fi dacewa da sukari da kirfa, da shayi mai citta ko a dangwala da zuma, amma ki yi rabi da rabi a karon farko ki ga wanda mutanen gidan zasu fi wawasa. Jamusawa nasu na gishiri tsaga shi suke a shafa bota a tsakiya, wannan ma ya karɓi na kabewar.

Abu ɗaya da ya kamata ki sani tun yanzu, kabewa ba ta da ɗanɗano mai ƙarfi a cikin biredi, abinda take bayarwa kala ce da laushi da ɗan zaƙi, ƙamshin na kirfa da gyaɗar ƙamshi ne. Kar ki ce zaki ninka ta don ta fito, ruwa zaki ƙara kuma mun koma matsalar farko.

13. Ajiya da ɗumame

Ranar da aka gasa ya fi daɗi, musamman awannin farko. Mai gishiri in kika ƙulle shi a leda gishirin zai jawo damshi ya narke, bayan ya jiƙe ya yamutse, don haka in zai kwana ki sa a jakar takarda ko ki rufe da tsumma mai tsafta. Wanda kika san ajiyewa zaki yi kar ki sa masa gishiri ko sukari, ki bari ya huce gaba ɗaya, ki naɗe kowanne daban ki sa a firiza, zai yi wata ɗaya zuwa biyu in wuta bata yawan ɗaukewa. Firij kuma busar da biredi yake, kar ki sa a can.

Wajen ɗumame ki ɗan yayyafa masa ruwa, in na gishiri ne ki barbaɗa gishirin a lokacin, ki sa a oben digiri 180 na minti 5, daga firiza kuma minti 8 zuwa 10. Marasa oben su sa a kasko mai murfi a ƙaramar wuta suna juyawa. Na zaƙi sai ya fito da ɗuminsa zaki shafa botar ki juya a sukarin.